Harafi da Zubinsa: Sharhi a kan Sharaɗin Lasisin Haruffa Tsakanin Marubuci da Maɗaba'a

I. Sharaɗin da a ke magana a kansa

A cikin takardun ƙa'idoji da kamfanonin buga littattafai su ke aika wa marubuta akwai wani sharaɗi wanda galibi a kan tarar da shi can wajen ƙarshe, bayan maganar faɗin gefen takarda da yadda za a jera sunayen littattafan da aka duba. Lafazinsa ya kan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, amma ma'anarsa ɗaya ce. Idan marubuci ya yi aiki da wani zubin haruffa wanda ba na yau da kullum ba ne, to, wajibi ne ya nuna yana da lasisinsa, ya tabbatar lasisin ya yarda a buga littafi da shi a sayar, kuma in wata ƙara ta taso daga baya shi ne zai ɗauki nauyinta. Mai rubutu da Ingilishi ba safai ya kan tsaya a wannan wuri ba, domin haruffan harshensa suna cikin kowace na'ura. Marubucin Hausa kuwa, balle mai nazarin harshe ko mai aikin ajami, a kansa sharaɗin ya ke sauka, tun da ya ke haruffan da ba ya iya rubutu sai da su, su ne a ke kira waɗanda ba na yau da kullum ba.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan sharaɗi, a ga inda ya yi daidai da inda ya kauce. Hukuncin da za a kai gare shi shi ne, asalin sharaɗin yana kan gaskiya, domin yana kare haƙƙin masu sana'a, amma a mafi yawan lokaci an aza shi a wuyan wanda ba shi ya kamata ya ɗauka ba, kuma rubutun Hausa ne ke biyan hasarar wannan kuskure.

II. Bambancin harafi da zubi

Kafin a shiga gardama ya kamata a raba abubuwa biyu waɗanda takardun ƙa'idoji su kan cakuɗa. Harafi alama ce da masu harshe suka yarda ta tsaya a madadin wani sauti. Ƙ harafi ne, ko an rubuta shi da alli a allon makaranta, ko da tawada, ko an buga shi da inji. Ba wanda ya mallake shi, ba kuma wanda a ke biya kafin a rubuta shi. Zubi kuwa, wanda ma'aikatan ɗab'i su ke kira font, shi ne surar da wani gwani ya zana wa haruffa baki ɗaya, manya da ƙanana da lambobi da alamomin tsayawa, ya daidaita kaurinsu da tsayinsu da ratar da ke tsakaninsu har su zauna da juna lafiya a shafi. An zaɓi kalmar zubi a nan domin a da narkakkiyar dalma a ke zubawa a mazubi a fitar da kowane harafi. Yau zubi ya zama fayil a cikin kwamfuta, amma wahalar yinsa ba ta ragu ba. Mai zana shi ya kan yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya gama gida ɗaya mai miƙaƙƙun haruffa da karkatattu da masu kauri.

Lasisi shi ne takardar iznin da mai zubi ya ke bai wa mai amfani da shi. Mutane da yawa suna ɗauka sun sayi zubi, alhali abin da suka yi ya fi kama da haya. An ba su izni su yi aiki da shi a kan sharuɗɗa, mallaka kuwa tana nan hannun mai shi. Masu sayar da zubi sun saba rarraba iznin kashi kashi. Akwai na sa shi a kwamfuta, wanda a kan ƙayyade yawan mutane ko na'urorin da za su yi aiki da shi. Akwai na shafin intanet. Akwai na littafin da a ke karantawa a waya ko kwamfuta. Akwai na manhaja. Wanda ya biya ɗaya bai biya sauran ba. Wannan rarrabawa ita ce tushen dukan rikicin da ke tsakanin marubuci da maɗaba'a.

III. Yadda nauyin ya sauya wuya

A zamanin dalma ba wanda ya taɓa tambayar marubuci lasisin haruffa. Marubuci ya kan kai rubutunsa na hannu ko na tafireta, maɗaba'a ita ke da haruffa, ita ke jera su, ita ke biyan kamfanin da ya zuba su. Tarihin rubutun boko na Hausa ya nuna haka sarai. Turawan farko da suka rubuta Hausa sun yi ta dabaru a kan sautukan da ba su da su a harshensu, waɗansu suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, waɗansu suna jingina masa waƙafi. Hanns Vischer ya tsara ƙa'idojinsa na rubutu a 1912, sa'an nan a shekarun 1930 aka karɓi haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, bisa ga tsarin da cibiyar nazarin harsunan Afirka ta London ta ba da shawara a ƙarƙashin jagorancin Diedrich Westermann. Da aka tsai da wannan shawara, hukumomin da ke buga littattafai a Zariya su suka nemi haruffan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, NNPC ta biyo baya a 1966. Malamin da tafiretarsa ba ta da ƙugiya sai ya bi rubutunsa da alƙalami yana lanƙwasa kawunan haruffa, mai jera dalma ya gane abin da a ke nufi. Aikin marubuci shi ne ya nuna wane harafi ya ke so, aikin maɗaba'a ta samo shi.

Kwamfuta ce ta rushe wannan rabon aiki. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubuci ya zama shi ne mai jera haruffansa, rubutun da ya ke kaiwa kuma ya riga ya sa tufa. A 1993 kamfanin Adobe ya fito da fayil ɗin PDF, wanda ya ke iya ɗauke da zubi a cikinsa domin shafi ya fito daidai a ko'ina. Daga nan zubi ya fara tafiya tare da rubutu daga hannu zuwa hannu, masu zubi suka fara bin haƙƙinsu, kamfanonin buga littattafai kuma suka nemi hanyar kare kansu. Hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce su rubuta sakin layi ɗaya su mai da nauyin kan marubuci.

IV. Abin da doka ta tanada

Ƙasashe ba su yi ittifaƙi a kan kariyar surar haruffa ba. An ƙulla wata yarjejeniya a Biyana a 1973 domin wannan, amma ba ta sami isassun ƙasashen da za su tabbatar da ita ba, sabo da haka ba ta fara aiki ba. A Amurka kotu ta yanke a 1978, a shari'ar Eltra da Ringer, cewa surar harafi ita kanta ba ta shiga ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Amma a 1998, a shari'ar Adobe da Southern Software, wata kotu ta yanke cewa fayil ɗin da ke zana harafin manhaja ce, doka kuwa tana kare manhaja. A Ingila dokar 1988 ta ba surar zubi kariya ta shekara 25, amma ta ce wanda ya yi amfani da zubi wajen aikin ɗab'i na yau da kullum bai keta haƙƙin zanen ba. A Nijeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da a ke karewa. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977.

Abin lura a nan shi ne, shafin da aka buga a takarda ba shi ne wurin haɗari ba. Haɗarin yana wurin kwafe fayil, da miƙa shi ga wani, da cusa shi cikin littafin da za a sayar ta intanet. Ban da doka kuma akwai alkawari, domin wanda ya karɓi lasisi ya ɗaure kansa da sharuɗɗansa ko da dokar ƙasarsa ba ta yi tsanani ba. Sabo da haka kamfanin da ya ke tsoron ƙara ba mafarki ya ke yi ba, kuma mai zana haruffa ya cancanci ladan guminsa kamar yadda marubuci ya cancanci nasa. Wannan shi ne gefen sharaɗin da ba shi da abin zargi.

V. Hali uku da sharaɗi ɗaya ya haɗa

Aibin farko na sharaɗin shi ne yana yi wa halaye uku dabam dabam hukunci ɗaya.

Hali na farko shi ne inda marubuci ya aika rubutu tsurarsa, kamfani ya ɗauka ya tsara shi da nasa zubin. Wannan ita ce hanyar mafi yawan mujallu da littattafan ilmi. A nan zubin marubuci ba ya kaiwa ga mai karatu ko kaɗan, domin mai tsara shafi zai tuɓe shi ya sa na kamfani. Tambayar lasisi a wannan hali ba ta da wani amfani. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko an rubuta haruffan a kan tsarin Unicode, wanda za a yi bayaninsa nan gaba.

Hali na biyu shi ne inda marubuci ya tsara shafinsa da kansa ya aika PDF wanda za a buga yadda ya ke, kamar yadda a kan yi da kundin digiri, da takardun taron ƙara wa juna sani, da littafin da mutum ya ɗauki nauyin bugawa da kuɗinsa. A nan sharaɗin ya dace, domin marubuci ya zama shi ne maɗaba'a. Ya kamata ya san cewa zubi irin na TrueType da OpenType yana ɗauke da wata alama a cikinsa mai nuna matsayin izninsa, matsayi huɗu: wanda aka hana cusa shi cikin fayil sam, wanda aka yarda a cusa don a duba a buga kawai, wanda aka yarda a cusa har a yi gyara, da wanda aka sake shi gaba ɗaya. Tsarin PDF/A, wanda aka fitar a 2005 domin adana takardu na dogon zamani, ba ya karɓar fayil sai an cusa dukan zubin da ke cikinsa. Ɗalibin da ya rubuta kundinsa da zubin da aka hana cusawa zai iske ɗakin karatu ya mayar masa da aikinsa. Haka nan rubutun da ke cikin taswira ko zane ko jadawali yana shiga wannan hali, ko da sauran littafin kamfani ne ya tsara.

Hali na uku shi ne mafi wuya, shi ne kuma ya fi samun marubucin Hausa. Kamfani ba shi da haruffan da a ke bukata, sai ya ce wa marubuci ya aiko da zubinsa tare da rubutun, ya kuma sa hannu cewa yana da iznin yin haka. Alhali kuwa lasisin da mutum ya saya don kwamfutarsa galibi ya hana shi miƙa fayil ɗin ga wani. Waɗansu masu zubi sun yi sassauci, sun yarda a kai wa mai injin bugawa kwafe domin aikin nan guda kaɗai, amma wannan bai haɗa da kamfanin da zai tsara littafi, ya ajiye fayil ɗin, ya sake bugawa bayan shekara goma, ya fitar da shi a intanet ba. Zubin da ke zuwa tare da Windows ma an yarda a yi aiki da shi a cusa shi cikin takarda gwargwadon alamarsa, amma ba a yarda a kwafe shi a raba ba. Watau an sa marubuci tsakanin abu biyu, ko ya sa hannu a kan abin da ba shi da ikonsa, ko ya saya wa kamfani kayan aikinsa da kuɗin aljihunsa, da kuɗin ƙasashen waje kuwa. Manomi ba ya kai hatsi niƙa a ce masa ya zo da dutsen injin.

Aibi na biyu yana cikin lafazin nan na zubin da ba na yau da kullum ba. Ma'aunin yau da kullum a nan haruffa 26 ne na Ingilishi da 'yan ƙarin harsunan Turai ta yamma. Kamfanin da ya karɓi littafin Hausa ya san da haka tun ranar da ya karɓa, don haka ɓ da ɗ da ƙ su ne yau da kullum na wannan littafi. Aibi na uku shi ne maganar diyya. Kamfani yana da lauyoyi da ma'aikatan da suka san kasuwar zubi, yana kuma sayen lasisi a dunƙule don littattafai masu yawa. Malamin kwalejin horon malamai da ya rubuta littafin karatu na aji biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗora masa alhakin ƙara daidai ya ke da ɗora kaya a kan wanda ya fi kowa rauni a ayari.

VI. Abin da Hausa ta ke hasara

A shekarun 1990, lokacin da na'urori ba su san ƙugiya ba, masana suka yi ƙoƙarin ƙera zubi na musamman domin Hausa. Sanannu a cikinsu su ne Rabi'at da Abdalla, waɗanda Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima mai girma a lokacin da ba wata hanya. Dabarar zubin wancan zamani ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta bukata a zana ƙugiya a wurin. A ido harafin ƙ ne, amma a cikin na'ura q ne ko wata baka. Shi ya sa har yau a kan ci karo da takardun ilmi masu ɗauke da qasa da xaya da vangare, ko }asa da ]aya, domin an raba rubutun da zubinsa a hanya. Rubutu irin wannan a ɗaure ya ke da zubi guda, ba ya tafiya sai da shi, sabo da haka marubucinsa ba shi da mafita sai ya faɗa hali na uku. Ga shi kuma zubin da ya yi shekaru yana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta a shagunan buga takardu, da wuya a sami wata takardar izni tana biye da shi, ko da mai shi kyauta ya bayar. In aka ce wa marubuci ya kawo lasisi, ba shi da abin nunawa.

Sa'ad da magana ta kai nan, hanyar da ta fi sauƙi ga kowa ita ce a zubar da ƙugiya, edita ya huta, marubuci ya huta. Mai karatu ne ba ya hutawa. Sun tafi fada da sun tafi faɗa ba labari ɗaya ba ne. Kura ta tashi dabam, ƙura ta tashi dabam. Haka baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Babba wanda ya ƙware ya kan cinko ma'ana daga abin da ke kewaye, amma yaron da ke koyon karatu da baƙon da ke koyon harshe ba su da wannan dama, kuma littafin da ya koya wa yaro cewa ƙugiya ado ce ya ɓata aikin malaminsa. A Nijar, inda a ke rubuta ƴ a wurin da Nijeriya ta ke rubuta 'y, haruffan da ke cikin haɗari huɗu ne, takwas in an haɗa da manyansu.

Mai nazarin harshe yana da ƙarin bukata. A kan nuna tsawon wasali da karan kwance a kansa, sautin ƙasa da alama mai gangarowa, a kan kuma sa wa r mai karkarwa alamarta, kamar yadda Paul Newman ya yi a nahawunsa na 2000. Wasali kamar ā̀, mai alama biyu ɗaya bisa ɗaya, ba shi da gurbi guda a Unicode, sai an haɗa shi, kuma ba kowane zubi ne ya iya ɗora alama a kan alama ba tare da sun hau juna ba. Mai aikin ajami shi ma haka. Hannun Kano ya gaji tsarin Magariba da ruwayar Warshu, inda fa ta ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A 2016 Unicode ta ƙara gurabe na musamman domin siffofin Afirka na waɗannan haruffa. Zubin Larabcin gabas da kamfani ya ke da lasisinsa zai mai da waƙar ajami baƙuwa ga waɗanda suka taso a makarantar allo.

VII. Buɗaɗɗen lasisi da iyakarsa

Abu biyu sun sauya wannan al'amari, ko da ya ke takardun ƙa'idoji da yawa ba su lura ba tukuna. Na farko shi ne Unicode, wadda ta fito a 1991 ta ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Harafin da aka rubuta da lambarsa yana nan ƙ ko da an sauya masa zubi sau ɗari, ana iya nemansa a cikin rubutu, ana iya jera shi a ƙamus. Wannan ya mai da rabon aiki yadda ya ke a zamanin dalma: marubuci ya nuna harafi, maɗaba'a ta tufatar da shi.

Na biyu shi ne buɗaɗɗen lasisin da ƙungiyar SIL ta fitar a 2005, ta gyara shi a 2007, wanda a ke taƙaita sunansa OFL. Ya yarda kowa ya yi aiki da zubi, ya kwafe shi, ya ba wani, ya cusa shi cikin littafin sayarwa, har ya yi masa gyara. Sharuɗɗansa kaɗan ne: ba a sayar da zubin shi kaɗai, takardar lasisi ta riƙa tafiya tare da shi, wanda ya gyara shi ya bar shi a kan wannan lasisi, in kuma mai shi ya keɓe sunan, to, mai gyara ya raɗa wa nasa wani suna. Littafin da aka buga da shi kuwa lasisin bai taɓa shi ba. A ƙarƙashinsa akwai Gentium da Charis da Doulos, masu ɗauke da ƙugiya da alamomin nazarin sauti. Akwai Andika, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu, abin da ya kamata malaman kwalejoji su kula da shi. Akwai gidan Noto na Google. A ajami akwai Harmattan, akwai kuma Alkalami wanda aka kwaikwayo daga hannun Kano. Marubucin da ya tsaya a kan waɗannan zai iya aika zubi tare da rubutunsa, ya sa hannu da zuciya ɗaya.

Amma fa akwai wuraren tuntuɓe. Ba kowane zubin kyauta ne buɗaɗɗe ba. Da yawa an ba da su ne don amfanin kai, ban da kasuwanci. Zubin Brill, wanda kamfanin buga littattafai na Laidin a Holan ya sa John Hudson ya zana, misali ne mai kyau: ya ƙunshi abin da mai nazarin harshe ya ke bukata, kowa yana iya ɗaukarsa kyauta don aikin da ba na ciniki ba, amma buga littafin sayarwa da shi a wani kamfani sai da izni. Wannan kamfani ya nuna hanyar da ta dace, tun da ya tanadar wa marubutansa zubi maimakon ya tambaye su. Wuri na biyu shi ne, idan zubi ba shi da wani harafi, kwamfuta ta kan aro shi daga wani zubi ba tare da ta faɗa ba. Mai ido zai ga ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsayi, a cikin fayil kuma wani zubi ya shiga wanda ba a duba lasisinsa ba. An fi samun wannan a manyan haruffa da karkatattu. Wuri na uku shi ne jarabar ɗaukar zubin kasuwa a lanƙwasa masa ƙugiya da hannu. Galibin lasisin kasuwa sun hana gyara, don haka wannan gwaninta tana iya zama laifi.

VIII. Yadda ya kamata a gyara sharaɗin

Bisa ga abin da ya gabata, sharaɗin ba ya bukatar a soke shi, yana bukatar a raba shi. Inda kamfani ne mai tsara shafi, abin da za a nema wurin marubuci shi ne rubutu a kan Unicode, da jerin haruffa da alamomin da ya yi amfani da su, da kwafen PDF wanda mai tsarawa zai riƙa dubawa. Samo zubi da biyan lasisinsa da ɗaukar alhakinsa duk na kamfani ne, kamar takarda da tawada. Inda marubuci ne mai tsarawa, kamfani ya ambaci sunan zubi biyu ko uku masu buɗaɗɗen lasisi waɗanda ya riga ya gwada, sa'an nan alhakin lasisi ya hau kan wanda ya zaɓi fita daga cikinsu kaɗai. Inda kuwa aiki ya bukaci zubin da babu irinsa, kamar wani hannun ajami na musamman, a yi maganar lasisinsa kafin a sa hannu a yarjejeniya, a rubuta wanda zai biya, a kuma ambaci littafin takarda da na intanet kowane da sunansa.

Sassan Hausa na jami'o'i, waɗanda su ma maɗaba'u ne tun da suna fitar da mujallu suna karɓar kundaye, su ya kamata su fara bin wannan tsari, su kuma sa hannu a juyar da tsofaffin rubuce-rubucen da ke ɗaure da zubin shekarun 1990 zuwa Unicode tun ana iya buɗe fayilolinsu. Wannan ba tsoro ne na banza ba, domin a Janairun 2023 Adobe ya daina karɓar tsohon zubi irin na Type 1 a manhajojinsa, waɗanda suka dogara da shi kuwa sai da suka nemi madadi. Malamin kwaleji kuma yana iya koya wa ɗalibansa gwaji mai sauƙi kafin su miƙa kowane rubutu. A rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a layi ɗaya, a miƙe da karkace da kauri, sa'an nan a sauya zubin. In haruffan suka rikiɗe suka zama q da x da v, rubutun yana ɗaure, sai a juyar da shi. In suka tsaya yadda su ke, to, saura a buɗe takardar lasisin zubin a karanta ta har ƙarshe kafin a sa hannu a ta kamfani.